Kifin da Audi Ya Ci

Zazzaɓin da ya kwantar da Bukari masunci bayan ƙaramar salla bai kashe shi ba, amma ya tafi da naman jikinsa. Mutumin da ya shekara arba'in yana tuƙa jirgi a gulbi ya tashi ko buta ba ya iya ɗagawa sai da nishi.

Ɗansa Khalidu, mai kabu-kabu a tashar Malanville, bai ɓata lokaci ba. Ya samo wani mai kai albasa Gaya da ke son sayen jirgin, ya ce gara a rabu da shi kafin wata rana gulbi ya haɗiye tsoho da jirginsa gaba ɗaya. Tsoro ne ya sa shi, ba mugunta ba. Sai dai ga Bukari, ranar da jirgin nan ya bar hannunsa, ranar ya zama tsohon zaman tabarma. Aka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a kan wata biyu. In sun cika bai iya kai jirgin bayan tsibirin ciyawar burgu ya dawo da shi ba, a sayar.

Matarsa Zeinabu ta riga ta ji daga bakin likita cewa magani ya gama nasa aiki, saura na tukunya. Kifi, ƙwai, wake, gyaɗa, nono, ko wagashi, cukun nan da Fulani ke kawowa daga Guéné, a riƙa sa masa kaɗan-kaɗan a kowane abinci. Abu mai sauƙi, in ji likita. Likita bai san Audi ba.

Audi abokin Bukari ne tun suna yara. Shekara ashirin ke nan da ya bar kamun kifi ya koma sayar da igiya a kasuwa, kuma tun rasuwar matarsa, kullum azahar sai hanyarsa ta biyo ta ƙofar gidan Bukari daidai lokacin da ake fito da akushi. Zai ce wucewa yake yi, yana faɗa yana cire takalmi. Shi kuwa Bukari mutumin dā ne, ba ya cin tsoka baƙo na kallo. Duk abin da ya gani a kan tuwo sai ya sa yatsa ya tura shi gaban Audi, Audi ya ce haba, ya turo shi rabin hanya, Bukari ya sake turawa. Ba a taɓa yin na uku ba.

Zeinabu ta sa tsokar giwan ruwa, Audi ya ci. Ta dafa ƙwai biyu don kowa ya sami ɗaya, Audi ya ci biyu, don wai maigida ya rantse. Ta soya wagashi ta binne a ƙasan tuwo, Bukari ya tono shi kamar mai haƙar rogo, ya miƙa. Cikin mako uku wuyan Audi ya yi ninki, hularsa ta fara matse shi, 'yan kasuwa suna tambayarsa ko sabon aure ya yi. Mai jinya kuwa yana nan yadda yake. Haushi ya cika Zeinabu har ta daina amsa gaisuwar Audi da kyau.

Hana baƙo abinci ba ya yiwuwa, kuma gaya wa Bukari ya bar halinsa ɓata baki ne. Sai ta lura cewa abin da yatsa zai iya turawa kaɗai ake turawa. Daga ranar nan turmi ya shiga aiki. Busasshen kifi ta daka shi lilis ta zuba a miyar kuka. Ƙuli-ƙuli ya koma gari ya shige miyar kuɓewa. Garin wake ya ɓuya cikin tuwon masara. Kunun safe, wanda Audi bai kai ga gano lokacinsa ba, ya zama na gyaɗa, da ƙwai a kaɗe a ciki da nono a kai. Rana ta farko Audi ya juya tuwo ya sake juyawa, ya tambaya a hankali ko gulbi ya ƙafe ne. Zeinabu ta amsa daga bayan zana.

"Kihi na nan cikin miya, Malam Audi. Duk wanda ya gane nashi shi ɗauka."

Bukari ya fara murmurewa, ya soma zuwa masallaci ba sanda. Amma mako uku sun riga sun tafi cikin tumbin Audi, sauran kwanakin kuma ba su da yawa.

Ranar gwaji Khalidu ya zo bakin gulbi da mai albasa. Khalidu ya ce jirgi ba kaya ba gwaji ba ne, a ɗora buhu. Zeinabu ta ce wane buhu kuma, ga Audi nan, ai kifin gidan duk yana jikinsa, a ɗauke shi. Mutanen bakin ruwa suka yi ta dariya, Audi ya tattare riga ya shiga, jirgi ya nutsa da ɗan yatsa biyu.

Bukari ya kafa gora ya tura. Tafiyar farko ta yi kyau, har suka sha kwana bayan burgu, inda ciyawa ta fi mutum tsayi, aka daina ganinsu. Suka daɗe. Zeinabu da ta saba da tsawon wannan hanya ta daina wasa da kowa. Khalidu ya fara cire takalminsa zai shiga ruwa. Can sai ga hancin jirgi ya ɓullo ta ɗaya gefen, Bukari a tsaye da gora, Audi a zaune ya harɗe hannuwa cikin riga kamar wani alhajin da aka ɗauko daga Gaya. Mai albasa ya yi sallama ya tafi. Khalidu ya riƙe jirgi mahaifinsa ya sauka, idonsa ya kawo ruwa, ya ce ya janye maganarsa.

Da azahar aka fito da akushi, yau da tarwaɗa guda a kai, a fili. Zeinabu da kanta ta kawo ruwan wanke hannu. Da Audi ya miƙo tafukansa sai ta ga duk sun yi bororo, wasu sun fashe, fatar mai sayar da igiya ta saɓule inda gora ke kamawa. Ta dubi mijinta. Bukari ya sunkuyar da kai yana gyara zaman tabarma da ba ta karkace ba.

Audi ya ce, "Igiya ce sabuwa, Zeinabu, kaushi gare ta."

"Na sani," in ji ta. "Igiyar nan kuwa gobe ma za ta bi maigida gulbi, har ran da na ce ya isa."

Audi ya ce to. Ya kai hannu ga tuwo, zafi ya sa ya janye. Zeinabu ta shiga ciki, ta ɗauko cokali ta ajiye a gabansa, ta zare ƙayar tarwaɗar da hannunta ta raba musu biyu.