Ranar da Girijamma Ta Miƙe

Girijamma ta miƙe tsaye daga gantsarwar baya ranar Alhamis da ƙarfe shida da kwata na safe, bayan shekara goma sha ɗaya tana gwadawa. Babu wanda ya gani.

Shekarunta sittin da uku, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya ce a garin Maisuru na ƙasar Indiya. Ta fara zuwa ɗakin motsa jiki na yoga da malami Shamanna ke koyarwa a ciki, bayan kasuwar furanni, a shekarar da mijinta ya mutu, lokacin da ciwon ƙugu ya hana ta ɗaga ko bokitin ruwa. Ciwon ya tafi cikin wata takwas. Hawan jininta ya sauka, likita ya rage mata ƙwaya. Ita kuwa ba ta daina zuwa ba.

Ƙa'idar ɗakin ɗaya ce, kuma haka Shamanna ya karɓa daga nasa malamin. Ɗalibi ba ya ɗaukar sabon mataki da kansa. Malami ke ba shi, bayan ya ga na baya da idonsa. Inda aka tsayar da kai, nan za ka naɗe tabarmarka ka tafi gida. An tsayar da Girijamma a inda mutum ke kwantawa rigingine, ya ɗaga jiki kan tafukan hannu da na ƙafa kamar baka, sannan ya taso tsaye ba mai riƙe shi. Matasa sun zo sun wuce ta cikin wata uku. Ita kullum abin da take ji shi ne, "Sai gobe, Amma," wato Inna a harshensu.

A ranar Alhamis ɗin Shamanna bai zo ba. Puttaswami, tsohon direban bas da ke riƙe da ɗan mukulli, ya buɗe ɗakin ya tafi duba ko malamin lafiya. Sauran suka gaji da jira suka watse. Ta yi nata ita kaɗai, tana ƙidaya numfashi. Da ta kai wurin, sai ƙafafun suka ɗauki nauyin, ta tsinci kanta a tsaye tana kallon bango. Fanka kawai ke motsi.

Kafin azahar labari ya iso: Shamanna ya faɗi a banɗaki, ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke.

Sai bayan kwana biyar ta faɗa wa Puttaswami.

"Kin tashi? Ke?" Ya yi dariya. "Yaya, ai ni ma jiya na yi fiffike na zagaya gari. Ba wanda ya gani ne kawai."

"Kai da rabonka da ganin yatsun ƙafarka tun kana tuƙi."

Vasudha, 'yar Shamanna, ta karɓi ɗakin bayan mako biyu.

Ta ce wa Girijamma, "Amma, yi in gani, in ba ki na gaba. Baba ya ba ni izinin koyarwa tun shekara biyar da suka wuce."

"Na sani, 'yar nan. Sai dai shi ya tsayar da ni."

"To shi ɗin ne ba ya magana."

"Ido fa? Ai yana gani."

Da aka sallami Shamanna daga asibiti, Girijamma ta je gidansa da ayaba biyu da furen yasmin. Yana zaune a baranda kan kujerar kaba, hannun dama a kan cinya kamar an ajiye masa. Ta shimfiɗa tabarmarta a gabansa.

"A nan?" in ji Kamalamma, matarsa. "Haba Girija, maƙwabta na kallo!"

"Su kalla."

Karon farko ta faɗi kan gwiwar hannu, fata ta saɓule. Ta kwanta, ta ja numfashi biyar. Karo na biyu ta taso tsaye, ta haɗa tafukanta a ƙirji.

"Guruji, malamina, ka gani? In wuce?"

Ya dube ta. Hawaye na gangarowa daga idonsa na hagu. Sannan ya gyaɗa kai.

Kamalamma ta share masa ido da bakin zanen sari da ke jikinta. "Kada in ruɗe ki," in ji ta a hankali. "Idon nan tun asibiti yake ruwa. Kan ma haka yake gyaɗa wa kowa. Jiya mai kawo madara ya tambaye shi ko shi ne sarkin garin nan, ya gyaɗa."

Girijamma ta naɗe tabarmarta. Ta ƙi tsayawa cin abinci.

Tana zuwa ɗakin har yanzu, kwana shida a mako, tana tsayawa inda aka tsayar da ita. Vasudha ta sake yi mata tayi sau biyu, sannan ta daina. Likitan Shamanna ya ce ba a san iyakar abin da yake fahimta ba, kuma magana tana iya dawowa cikin wata shida, tana iya ƙin dawowa. An ci wata huɗu.