Kifin Malama

Safiyatu tana cusa jakarta a ƙarƙashin kujerar mota a tashar Gashuwa, sai ƙamshin banda ya daki hancinta. Ta waiwaya, ga mahaifinta Malam Yuguda cikin babbar rigarsa ta Juma'a, rungume da kwali ɗaure da igiya.

"Baba, ina za ka?"

"Inda za ki. Matsa mini."

Yau ce ranar jarrabawarta ta ƙarshe, ta baki da baki. Shekara da shekaru tana karatun digirin kiwon lafiya a wata jami'a ta Malesiya, ba tare da ta taka ko Kano ba. Kullum ta tashi daga aikin asibiti sai shagon intanet, har 'yan unguwa suna tsokanarta da matar kwamfuta. Jiya kuma iskar hadari ta tumɓuke farantin intanet na shagon Gashuwa, dole sai Nguru. Tun asuba zuciyarta ke tsalle, ko koko ta kasa sha don zumuɗi.

Shi kuwa Malam Yuguda, dillalin kifi ne da ba ya sayen abin da bai juya da hannunsa ba. Ya sha cewa makarantar da ba a ganin malami tatsuniya ce.

"Kin ce yau malamar za ta fito a gan ta," in ji shi da mota ta hau hanya. "Baiwar Allah ta koyar da 'yata tsawon lokacin nan, ban taɓa zuwa na ce mata sannu ba? Ai sai a ce gidanmu ba tarbiyya. Kifi ragon ruwa ne a kwalin nan, da kaina na zaɓa."

"Baba, doka ce fa. In aka ga wani a ɗakin, soke jarrabawar za a yi, a ce amsa ake ba ni."

Ya gyaɗa kai yana kallon fadama ta taga. Ta san irin wannan gyaɗa kan sarai, da shi yake sallamar mai tayin banza.

A Nguru, Ya'u mai shago ya riga ya tayar da janareta, ya share mata ɗan ɗakin ciki. Ya ɗora ƙaramar kyamara a kan kwamfuta, ya miƙa mata abin sawa a kunne.

"Hajiya, mai ya cika tanki. Ko hadari ya taso, sai kin gama!"

Ta zaunar da mahaifinta a bencin waje, ta haɗa shi da Allah kada ya motsa, ta ja labule.

Hoto ya yi rawa, ya tsaya. Ga Farfesa nan, dattijuwa mai tabarau da farin mayafi. Safiyatu ta yi bisimilla. Tambayar farko a kan ruwan sha ce, ta biyu a kan zazzaɓin damina. Turanci ya riƙa zubo mata kamar an kunce bakin buhun gero. Har ta fara jin daɗin abin, tana magana tana nuni da hannu.

"Salamu alaikum!"

Safiyatu ta ɗaga ido. A ƙaramin hoton da ke gefen allo ta hango hular mahaifinta a bayan kafaɗarta, da kwali a gabansa.

Fuskar Farfesa ta canza. Ta cire tabarau, ta tambaya da Turanci, wane ne wannan? Ta ce doka a fili take, kuma dole ta tsayar da jarrabawa.

Safiyatu ta ji hawaye na neman kawowa. Duk wahalar nan ta tafi a kan kwalin kifi? Ta faɗi gaskiya: mahaifinta ne, ba ya jin Turanci ko na sayen ruwa. A garinsu abin kunya ne uba bai je ya gai da malamin ɗansa ba, shi ya sa ya biyo ta tun daga Gashuwa da tsaraba.

"Me take cewa?" in ji Malam Yuguda. Bai jira amsa ba ya russuna, ya buɗe kwalin, ya ɗago kifi baƙi mai sheƙi ya nuna wa kyamara. "Ki ce mata Allah ya saka da alheri. Allah ya jiƙan mahaifa."

Safiyatu ta fassara.

Farfesa ta ƙura wa kifin ido. Can ta dafa ƙirji, ta sunkuyar da kai, ta amsa sallamar da Larabci tiryan-tiryan. Ta ce ba wanda ya taɓa kawo mata gaisuwa irin wannan. Amma Baba ya fita, kuma za ta sake tambayoyin daga farko, sababbi fil.

Sababbin sun fi na farko tsauri. Safiyatu ta yi gumi sharkaf, ta amsa iya saninta. Da Farfesa ta yi murmushi ta ce ta ci, sai ta manta da abin kunnenta, ta miƙe a guje har wayar ta fizgo ta.

"Baba, na ci! Wallahi na ci!"

Ya'u ya yi kabbara, masu jiran layi suka ɗauka. Malam Yuguda ya share ido da hannun riga, yana gaya wa na kusa da shi, "Na gan ta da idona. Mutuniyar kirki, har ta amsa mini sallama."

"To Baba, kifin fa?" in ji Safiyatu tana dariya. "Mu koma da shi gida?"

"Kifin malama ya koma gida? Haba, Safiya."

Ya ɗauki kwalin ya bi benci-benci, yana ajiye wa kowa guda a hannu, har da mai gadin da ke bakin ƙofa.

"Ku ci, sadaka ce da sunanta," in ji shi. "Ladan zai same ta a can. Shi ba ruwansa da janareta."