Maigida Yana Mitin

…kuma bakina ne ya faɗa, ba ni ba. Yaya guda, wan mijina, ya yi sallama, ko ɗagowa ban yi ba na ce, "Yana mitin, a ɗan jira." Mitin? Da wa? Maigidan da ke kwance a falo da singileti, rediyo a kan tumbi, yana minshari kamar tsohon janareto…

Ga Yaya can a benci, bakin ƙofa. Ya kuwa zauna! Sanda tsakanin gwiwoyi. Ni ina kicin, ruwan shayi ya gaji da tafasa, na kasa fita.

Duk ƙuruciyata a sakatariya ta ƙare — teburina a ƙofar Darakta, waya a dama, kujerun jira a hagu. Manyan mutane suna ce min "ranki ya daɗe" don kawai in leƙa musu ciki. Ranar bankwana aka ba ni tire da kofuna, aka tafa, "Anti, sai a je a huta." Yaya ake yinsa, hutun? Ba wanda ya nuna min. Wadda ta gaje ni ko kira ba ta yi ba, ta tambayi makullin durowa. Ashe durowar tana buɗuwa ba ni…

Shekaranjiya ma autata za ta shiga wurin babanta na ce, "A kan wane batu?" Ta ce, "Mama, caja zan ɗauka."

Amma Yaya! Shi ya riƙe ƙanin nan nasa har ya gama makaranta. Kafin yamma dangi kaf sun ji: 'yar boko ta shanya shi a benci. In durƙusa in ce suɓutar baki ce? In tashi mai minsharin? In ce an tashi daga mitin — a'a, ƙarya ta zama biyu.

Ga muryar Yaya, har da dariya a ciki: "Sakatariya! Ki bar shi ya ƙarasa mitin ɗinsa, har nan ina jin jawabin. Ni wurinki na zo, barka da ajiye aiki."

Wurina?

Na ɗauki tire, kofunan bankwana a kai. Na san inda ake zaunar da baƙon Darakta, na san na maigida. Wanda ya zo wurina fa… ina ake kai shi? Wa zai leƙo ya ce min in ba shi izinin shigowa?