Reshen Sata

Anarbek ya ɗauki tukunyar furen, ya jujjuya ta, ya sake ajiyewa.

"Baba, fure ne fa, ba amarya ba," in ji Kalicha mai sayar da shuke-shuke. "Ɗauki irin na bara ka tafi. Kafin mako tagarka ta yi ja wur."

Irin na baran yake saya tun da matarsa Burul ta bar garinsu Bishkek zuwa birnin Mosko renon jikoki. Kowace shekara takan ce da bazara za ta dawo. Shi kuma sai ya cika akwatin taga da kwandunan rataye da furanni masu saurin buɗewa, don in ta sauko daga tasi ta ɗaga kai ta gani. Ƙanƙarar farko na sauka su mutu, ya kwashe ya zubar. Jiya a waya ta ce, "Bana kam, in Allah ya yarda." Yana jin kukan sabon jariri kusa da ita.

Ya nuna wani tsiro mai kaurin ganye a ƙarshen tebur. "Wancan fa?"

"Wancan ba ya mutuwa. In sanyi ya zo ka shigar da shi ɗaki. Amma bana ganye kawai za ka gani, fure sai baɗi. Kuma na kakata ne, ba na sayarwa ba."

"To ɗan yanko min reshe, 'yata."

"Haba Baba, kamar ba a ƙasar nan aka haife ka ba! Reshen kyauta ai ba ya kamawa. Sai an sata."

Ta juya masa baya, ta hau ƙwala wa mai shayi kira.

Anarbek ya yi tsaye. Ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Amma sata ce in mai abu ta kau da kai da gangan? In kuma ba sata ba ce, zai yi saiwa? Ya san ba wannan ne ya riƙe masa hannu ba. Ɗaukar reshen nan yarda ce cewa bana ma Burul ba za ta zo ba.

Ya karya shi, ya zura a aljihu.

"Kul ka yi godiya, sai ya bushe," in ji Kalicha, ba ta waiwayo ba.

A cikin bas wata mata ta tashi ta ba shi kujera. Ya ce a tsaye ya fi jin daɗi, hannunsa na kare aljihun.