Gilashin Kawu Ya Juya

Kawuna direban motar 'yan makaranta ne, mutum ne mai surutu kamar rediyo. Shi ya sa da ya shigo shagona na tabarau ya zauna shiru, na san ba lafiya ba.

"'Yar nan, idon dama ya tafi," ya ce. "Hanya karkacewa take yi mini, fitilu suna rabuwa biyu. Ba zan kashe 'ya'yan mutane ba. Yau da safe na mayar wa shugaban makaranta makullinsa."

Motar nan ita ce rayuwarsa. Amma ni ba a yi mini kukan ido sai na ga tabarau tukuna.

"Kawo tabaraunka nan, Kawu."

Tabarau ne mai zagayayyen gilashi, irin na 'yan gayun da, wanda ya ƙi rabuwa da shi duk tsiyar da muke yi masa. Na ɗaga shi a gaban alamar layi biyu masu giciye da na zana a bango. Na matsa gilashin gefe, layin ya bi hannuna: na mai ganin kusa ne, wanda nesa ke yi wa hazo. Da na hangen karatu ne, da layin ya gudu ɗaya gefen. Sai na murza shi a hankali, layukan suka buɗe suka rufe kamar almakashi. Wato ƙarfinsa ba ɗaya ba ne ta kowane gefe, yana da kusurwar da dole ya zauna a kai. Na ɗora shi a na'urar awo. Ƙarfi daidai yake da abin da likita ya rubuta masa, amma kusurwar gilashin dama ta yi nata wuri.

Na sa yatsa, gilashin ya juya cikin firam salin alin. Ashe notin da ke matse gilashin a firam ne ya kwance.

"Kawu, yaya kake goge shi?"

Ya kama bakin rigarsa ya nuna mini, yana murzawa da babban yatsa kamar mai wanke tukunya.

"To ai kai kake tuƙa shi! Kullum ka goge sai ka juya shi kaɗan. Idonka lafiyarsa ƙalau."

"Kar ki yi mini wasa da wannan maganar."

Na mayar da gilashin kan kusurwarsa, na ɗaure notin tam, na maƙala masa a hanci. Ya leƙa titi. Ya karanta allon shagon ɗinki na tsallake, ya karanta lambar wata mota da ke wucewa. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Can ya dafe kai.

"Makullin! Shugaban ya ce da rana zai ba wani!"

Ko sallama bai yi mini ba. Tunda nake ban taɓa ganin Kawu yana gudu ba sai ranar, hannu ɗaya riƙe da hula, ɗaya dafe da tabarau.