Auren Awa Biyu a Olímpia

Da Mama da Baba suka rabu, sun raba komai. Mama ta ɗauki firji da keken ɗinki, Baba ya ɗauki mota da kare. Ita kuwa Kaka Zuleica, duk da ita ta haifi Baba, wurin Mama ta zaɓi zama, wai gara tukunyar da ta sani. Abu ɗaya ne ya ƙi rabuwa: mako guda da Baba ya saya a wani masauki na bakin teku tun ina firamare, irin cinikin nan da ɗaki ke zama naka mako ɗaya a shekara, sauran makonnin na wasu. Sun yi tallarsa har sun gaji, ko kyauta babu mai karɓa. Haka ya ci gaba da zama da sunansu su biyun.

Bana Kaka ta ce buri ɗaya ya rage mata. Ranar da za ta cika tamanin, tana so ta same ta a garin Olímpia, kwance cikin tayar roba a kogin ruwan ɗumin nan na dandalin wasan ruwa, wanda take gani a talabijin. Mama ta mayar da makon namu maki, ta yi musayarsa da ɗaki a wani masauki da ke kusa da ƙofar dandalin. Sai dai makin ranar Alhamis suka tsaya, ranar haihuwar Kaka kuwa sai Asabar. Matar da ke kan waya ta ce babu damuwa, sauran kwanakin kyauta ne, muddin miji da mata za su zauna tare su saurari tallan sababbin ɗakuna na awa biyu. In ba su zo tare ba, ko aka gane ba ma'aurata ba ne, mu tattara kayanmu.

"Kina da aure dai ko?" matar ta tambaya.

"Sunanmu biyu ne a takardar," in ji Mama, ta ajiye waya.

Haka Baba ya iso a motar haya da jaka ɗaya da sabon aski, aka ba shi kujerar falo.

Safiyar Laraba muka gano babu zobe. Mama ta narkar da nata tuni an yi mata 'yan kunne, na Baba kuwa shi ma bai san inda yake ba. Kaka ta cire nata, ta ciro na marigayi mijinta daga sarƙar wuyanta, ta miƙa musu.

"Taís, bi su," ta ce mini. "Ke ba kya magana, amma kina gani. In ɗana ya ɓata mini Asabar, ki zo ki faɗa mini da wane hannu ya yi."

Mai tallan sunansa Cleiton, haƙoransa farare kamar sabon faranti. Ya zaunar da mu, ya sa aka kawo kofi da burodin cuku, idonsa na kan yatsunsu. Ya ba mu labari yana dariya cewa da safen nan ya sallami wasu biyu da suka yi ƙaryar aure, ashe maƙwabta ne.

"Ta yaya ka gane?" Baba ya tambaya.

"Yallaɓai, shi ne ya ja mata kujera ta zauna."

Baba, wanda ya ja wa Mama kujera da muka shigo, ya sunkuya yana juya kofinsa. Mama ta ɗora hannunta a kan nasa kamar mai taɓa dutsen guga ta ji ko ya yi zafi.

"Masoyina," ta ce, "sukarin ya isa."

"To, farin cikina."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin irin wannan a gidanmu ba. Na ga alama shi ma Cleiton bai gamsu ba. Ya tambaye su inda suka yi hutun amarci. Mama ta ce bakin teku, Baba ya ce gidan ƙanin mahaifinsa, suka kuma yi wa juna murmushi babu mai gyara wa wani. Cleiton ya ajiye biro. Ya juyo gare ni.

"'Yan mata, ke fa? Tare kuke zaune duka a gida?"

Ko a jami'a, in malami ya kira sunana sai harshena ya yi nauyi, balle a ce in yi ƙarya ido cikin ido. Na dubi burodin cuku. Kunnuwana suka ɗauki zafi. Ina jin Asabar ɗin Kaka tana zamewa daga hannuna.

"Wannan mai baranda," Baba ya ce da ƙarfi, ya jawo littafin hotuna gabansa, "daga nan ana hango dandalin?"

Nan take Cleiton ya manta da ni. Ana hangowa mana! Har ihun masu sulɓi ana ji. Makin kuma ninki biyu, ana musayarsu da kowace ƙasa. Baba yana gyaɗa kai, fuskarsa tana yin laushin nan da na sani, wanda take yi duk sanda mai talla ya kira shi yallaɓai. Cleiton ya turo takarda. Baba ya ɗauki biro.

"Genivaldo." Mama ta janye hannunta. "Ajiye."

"Dubawa kawai nake, Valdirene."

"Haka ka duba injin yin ƙanƙara! Haka ka duba kwale-kwale, mu da ko kududdufi babu a unguwarmu! Wancan makon na bakin teku da ka duba, har yau yana wuyana kamar ƙaya. Ka taɓa kwana a ɗakin can? Ka taɓa?"

"Wa ya ce labulayen sun yi mata kyau? Ni ne?"

"Labule na yaba, ban ce ka sayi bangon ba, shashasha!"

"Kin ji ko? A gaban mutane! Kullum a gaban mutane!"

Wata mata a tebur na kusa ta zunguri mijinta tana nuna masa Baba da baki. Cleiton ya yi ƙoƙarin sa baki, Mama ta ɗaga masa yatsa ba tare da ta dube shi ba, ya haɗiye maganarsa. Suka bi ta kan kare, suka bi ta kan wata tafiya da Baba ya ƙi tambayar hanya har man mota ya ƙare. Daga ƙarshe Cleiton ya zare birosa daga hannun Baba a hankali, ya buga hatimi a katin shaidar halartarmu.

"Uwar gida, ki yafe mini," ya ce. "Da farko na ɗan yi zargi. Yallaɓai, Allah ya ƙara haƙuri."

A kan hanyar komawa Baba ya rage tafiya har na iso shi.

"Dabara ce," ya raɗa mini. "Na ga kin rikice."

Na gode masa. Ban ce komai ba a kan katin Cleiton da ke leƙowa daga aljihun rigarsa.

Ranar Asabar aka sa Kaka cikin tayar roba mai ruwan ɗorawa, hular kaba a kanta, zobbanta sun koma mazauninsu. Ruwan ya kai wa Mama da Baba ƙugu, kowa ya riƙe gefe ɗaya na tayar. Baba ya ce a bi ta ƙarƙashin gada, Mama ta ce kogin zagaye yake yi, ko ta ina aka bi nan za a dawo, amma dai ba ta gadar ba. Ni ina biye a baya da takalman kowa.

Kaka ta lumshe ido, ƙafafunta na jan ruwa. Da muka zagayo karo na biyu ta yafito ni.

"Da wane hannu ya ɗauki biron?"

"Na dama, Kaka."

"Haka ubansa yake," ta ce. "Gaya musu su daina ja, su bar ruwa ya tafi da ni."