Wanda Baba Ya Nuna

"Zaunar da shi nan, daidai tsakiya," in ji mai shago, yana jawo kujerar roba da ƙafa.

Tela ya riƙe hannun Baba ya zaunar da shi. A gabansu talabijin biyu ne manne da bango, kowanne ya kai faɗin ƙofa, na hagu mai jan tambari, na dama mai shuɗi.

Sati uku ke nan Tela yana zaga shaguna. Mutumin da rimot ɗin gidansa da zare aka ɗaure shi, yau shi ne ke tambayar inci nawa, wane kamfani ke da garanti, wanne ne hotonsa ba ya dishewa. Dalili ɗaya ne. Ƙanwarsa Auta ta haihu a ƙasar da take aure, ta turo bidiyon jaririyar, Baba ya kanga wayar a hancinsa ya daɗe, sannan ya ce wayoyin yanzu ƙanana ne. Likita ya riga ya gaya wa Tela a tsaye, a bakin ƙofa, cewa jijiyar idon Baba ta tafi kuma ba ta dawowa. Tela ya ji da kunnensa, amma ya fi son maganar Baba. In dai ƙanƙanta ce matsalar, ai ana sayar da babba.

"Mai jan nan kamfaninsu tsoho ne, ko jikanka ya gada," in ji mai shago. "Mai shuɗin kuma, maigida, in aka nuno ruwa sai ka ɗage wando."

Baba ya yi dariya. "Kai dai bakinka ba ya hutu."

Tela ya miƙa filashin da ya sa bidiyon a ciki. Mai shago ya soka shi a wata 'yar na'ura, nan take jaririyar ta cika bango sau biyu, tana tattara goshi, tana wutsil-wutsil cikin farin tawul. Kukanta ya fito ta doguwar sifikar shagon da ke ƙarƙashin mai shuɗi, tare da muryar Auta: "Gai da Kaka, gai da shi mana."

Tela bai kalli bango ba, fuskar Baba yake kallo. Tsohon ya miƙe wuya, ya ɗora hannu biyu kan sandarsa, yana murmushi.

"Baba, kana ganinta?"

"Ka ji yaron nan. Me zai hana?"

Wani sanyi ya ratsa Tela har ƙafa. Ya fara tunanin bangon da zai ƙwanƙwasa ƙusa a ɗakin Baba.

"Kallon biyu a tare yana rikita ido," in ji mai shago. "Bari mu bi su ɗaya-ɗaya." Ya danna rimot, mai shuɗi ya mutu, ya zama baƙi ƙirin. Jaririyar ta rage a na hagu kaɗai. Sifikar kuwa ba ruwanta, ta ci gaba da kuka daga inda take.

"To Baba, ya ka gani?" Tela ya tambaya.

Baba ya ɗaga sanda ya nuna dama, inda kukan ke fitowa.

"Wannan. Shi ya fi fito da ita tar. Dubi hancin nan, sak na uwarku."

Jiya da yamma Tela da bakinsa ya gaya masa zancen hancin.

A cikin baƙin gilashin babu kowa sai inuwar su uku: tsoho da sanda a sama, da mutum biyu tsaye a bayansa. Mai shago ya buɗe baki, Tela ya girgiza masa kai, ya rufe. Ya hau goge rimot da gefen riga.

Tela ya dafa bayan kujerar. Da ma Baba ya sani, ya yarda aka sako shi a mota aka kawo shi don kada ɗansa ya karaya. Babu kamfanin da zai je, babu incin da zai ƙara.

"A maimaita," in ji Baba. "Ban gama kallo ba."

Mai shago ya mayar da bidiyon farko. Tela ya matsa kusa da shi, ya rage murya.

"A cikin biyun, wanne ya fi sauti?"